Yarinyar da Ta Yi wa Kanta Golmo

Ni ba mai kallon fim ba ce. Idanuna sun gaji, kuma tun da ɗana ya kafe wannan ƙaton allon a bangon falo, abin da na fi gani a ciki bai wuce mutane suna harbin juna ko suna kuka babu hawaye ba. Amma wata Lahadi da muka taso daga coci, hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, kafin a sauke tukunya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ya tsare kowa inda ya same shi. Ya tsare Madam, maƙwabciyarmu mai shagon kayan masarufi, wadda ta shigo aron rariya. Ya tsare wani Alhaji mutumin Mahuta da ya zo duba dawar da ɗana zai sayar. Jikokina biyu, mace da namiji, da suka ga taro ya samu, sai suka ce bari su sa mana wani fim da duk 'yan makarantarsu ke magana a kai. Na ce su sa, ai ruwa ne ya kama ni, ba su ba.

Fim ɗin na wata ƙasa ne mai sanyi, an juye maganarsu zuwa Hausa, sai ka ga Bature jawur ya buɗe baki ya ce "wallahi tallahi". Abin da ya fara ba ni dariya ke nan. Yaro ne da yarinya, ba su girmi jikokina ba. Yaƙi ya ci garinsu, suka ɓuya a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa suna gutsurar burodi ɗaya, yana ba ta babban rabo yana cewa shi ya ƙoshi. Daga baya sojoji suka kama shi suka sa masa kaki, aka tafi da shi. Ita kuma ta zauna bakin taga. Ƙanƙara ta zuba tana bakin taga, ta narke tana bakin taga, itatuwa suka yi ganye suka zubar tana nan dai. A ƙarshe ya sauko daga jirgin ƙasa lafiya lau, ko ƙwarzane babu, ta sheƙa a guje ta faɗa jikinsa a gaban jama'a. Nan na ja gyale na rufe fuska, don akwai baƙo a ɗakin.

Ana kashe allon gardama ta tashi, har ta fi ƙarar ruwa a kan kwano. Jikata tana share hanci da bakin zane, ta ce ita ba ta taɓa ganin so irin wannan ba, kuma duk wanda bai yi kuka ba dutse ne a ƙirjinsa. Wanta ya ce yaron sakarai ne, da shi ne da tun ranar farko ya ja hannunta sun bi daji sun ƙetare iyaka. Na dube shi na ce, angona, kai da jiya aka aike ka kamo kaza bayan gida ka ce akwai taɓo? Alhaji kuwa abin da ya dame shi daban. Ya gyara zaman hularsa ya ce:

"Ni hwa abin da ban gane ba, ina uwayensu? Wa yab ba shi ɗiyar? Ba wanda yat tahi tambaya, ba goro, ba komi, sai dai a rungume ɗiyar mutane cikin tasha."

Madam ta jira sai da kowa ya gama. Tana 'yar ƙarama aka yi yaƙin basasar ƙasar nan, kuma a can ɗaya gefen ya same ta, gefen da mazanmu suka tafi da bindiga. Ta sani, na sani, amma shekara da shekaru gishirinta nake ci tana shan kununa, ba mu taɓa buɗe zancen ba. Ran nan ta ce da ni, da Hausarta ta kasuwa:

"Mama, wannan yunwa na fim ne. Ka duba kumatu na yarinya. Yunwa na gaskiya, gashi zai yi ja, ciki zai kumbura, kuka ma babu ƙarfi."

Da ta ga ta nauyaya mana zama, sai ta yi dariya ta ce amma rigar sanyin yarinyar ta burge ta, da za ta samu irinta da ta saro, ko da yake ba ta san wa zai saya a Zuru ba.

Aka juyo kaina. Na ce fim ya yi kyau, yaron ma ya yi hankali da yake bar mata babban rabo, amma yarinyar ta ba ni haushi. Duk tsawon yaƙi tana bakin taga. Wa ke yi mata surfe, wa ke ɗebo mata ruwa? Jikata ta murguɗa baki ta ce ai ni ba zan gane ba, mu a zamaninmu ba a san soyayya ba, haɗa mu kawai ake yi kamar awaki. Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Ruwa kuma ba shi da niyyar tsayawa, sai na ce ta matso ta ji yadda aka haɗa akuyar da ta haifi ubanta.

A ƙauyenmu, can bayan duwatsu, saurayi ba ya samun mata da kuɗi ko da daɗin baki. Golmo yake yi. Tun yana ɗan matashi iyaye za su yi magana a kan yarinya, daga nan ya shiga ƙungiyar tsararrakinsa, su riƙa zagaya gonakin surukansu, yau gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan, damina bayan damina, har shekarun su cika. Huɗa tasu ce, noma nasu ne, girbi nasu ne, in rufin ɗakin suruki ya yi yoyo su ne za su hau. Wanda bai gama golmo ba, ko gemunsa ya kai ƙirji, yaro ne a idon gari. Har yau in na rufe ido ina jin su. Tun ƙasa da sanyinta za ka ji ƙaho daga hanyar rafi, sai waƙa, ɗaya ya ɗauka sauran su amsa, sai kuma ƙarar galma, wannan babbar fartanya ta huɗa, tana shiga jiƙaƙƙiyar ƙasa gaba ɗaya, ka ce mutum guda ne ke sara. Mu 'yan mata muna gida muna niƙa a kan dutse, amma kunnenmu na gona. Kowace ta san muryar nata a cikin waƙar, ko da ba za ta yarda ta sani ba. In rana ta ɗaga mu ɗauki tulun kunu mu kai musu, mu ajiye a gindin tsamiya, kanmu a ƙasa. Magana babu. Kakata takan ce in ta ji labarin na yi wa saurayi dariya a gona, da muciya za ta tarbe ni a ƙofar gida, kuma na san ba wasa take ba.

Yanzu a gonar nan tamu inji ke huɗa, kuma mutum ɗaya da tankin feshi a bayansa yana kashe ciyawar da a da sai ƙungiya guda ta yi gumi a kanta. Samari sun koma makaranta da acaɓa, aure ya koma akwati da kujeru. Gonakin nesa ma, wajen Danko da Bena, mutane suna ɗar-ɗar da zuwa saboda 'yan bindiga. Ba na cewa a koma da. Na ga mazan da golmo ya lanƙwasa wa baya tun ba su yi furfura ba, kuma jikokina sun fi mu ƙiba, sun fi mu karatu, ina godiya. Shirun safiyar damina ne kawai ban saba da shi ba har yanzu. Nakan farka in saurara, sai in ji babur.

Nawa saurayin ba kyakkyawa ba ne, kada in yi ƙarya. Gajere ne, kunnuwansa fala-fala, in aka yi kokawa bayan girbi shi ne abin kayarwa. Amma kuyyarsa, wato tudun ƙasar da galma ke tayarwa a shuka a kai, in ya ja ta daga bakin hanya zuwa tsamiya, sai ka rantse da igiya ya auna. Gaskiya ne iyaye suka haɗa mu, amma zuciyata ba wanda ya ja ta, da ƙafarta ta tafi. In ina zuba kunu nakan bar shi sai ƙarshe, don na ƙasan tulu ya fi kauri. Shi kuma in sun tashi, sai in tarar da 'ya'yan kaɗanya nunannu a jere a kan dutsen da nake ajiye tulu. Iyakar hirarmu ke nan, kuma ta ishe mu.

Damina ɗaya ta rage masa yaƙi ya ɓarke. Mutanenmu kuwa an san su da aikin soja tun kaka da kakanni. Da motar ɗiban sababbin sojoji ta tsaya a Zuru, samari suka yi ta tururuwa, wasu don kaki, wasu don albashi, wasu don kada a ce sun ji tsoro. Nawa na cikin na ƙarshen nan, mutumin da ya gaji da kayarwa a filin kokawa. Ya zo ya durƙusa gaban babana, ya jingine galmarsa a jikin rumbunmu, ya ce abokansa sun ɗauki alkawarin huɗe masa rabonsa, gefen gonar da ke wajen tsamiya, har ya dawo. Babana ya ce ya ji, amma aikin abokai riƙe masa wuri kawai zai yi. Daminar ƙarshe sai da hannun mai ita, in ba haka ba golmo bai cika ba, aure kuma babu. Da zai wuce ya same ni ina wanke-wanke a bakin ƙofa. Bai tsaya ba, ya ce da ni yana kallon wani wuri:

"Ki kula da galmata, kada tsatsa ta ci ta."

Sallamar ke nan. Na shiga ɗakin inna na cusa fuska a cikin tsumma na yi kukana, don kada a ji.

Daminar farko abokansa sun cika alkawari. Kafin ta gaba su ma mota ta kwashe su, ɗaya bayan ɗaya, har ƙaho ya daina tashi da safe. Gishiri ya yi tsada. Shagunan mutanen su Madam da ke cikin gari duk an garƙame su, masu su sun tafi. In aka hango mai kaki ya shigo ƙauye da akwatin wani a kansa, mata sai su saki taɓarya su tsaya su ga ƙofar da zai nufa, kafin a jima kuka ya tashi daga can. Namu akwatin bai zo ba, labari ma bai zo ba. Wani da aka dawo da shi da sanda ya ce ya ga saurayina ranar da za su ƙetare wani babban kogi, bayan nan bai ƙara ganinsa ba. A gidansu kuwa ba namiji, sai uwarsa tsohuwa da ƙannensa mata. Ruwa ya sauka, kowa ya huɗe gonarsa, gefen tsamiya yana nan kwance, ciyawa ta kai gwiwa. Babana ba zai taɓa wurin ba, don suruki ba ya yi wa kansa golmo.

Baffana, wan babana, shi ya fara magana. Ya ce golmon da ciyawa ta ci ya mutu, haka aka gada, kuma ga wani gida sun aiko suna tambaya. Babana ya aiko mini da saƙo ta bakin inna, don a lokacin uba ba ya irin wannan magana da 'yarsa ido da ido. Ya ce ba zai tilasta mini kowa ba, amma in aka gama huɗar bana wurin nan na cikin ciyawa, dole ya aika wa uwar yaron cewa magana ta mutu. Ba da mugunta ya faɗa ba, na ga yadda tuwo yake dawowa daga gabansa a kwanakin nan. Na tambayi inna ko ba wanda za a roƙa ya huɗe. Ta ce wa ya rage, 'yar nan, ki leƙa ki gani.

Mace a wurinmu tana shuka, tana noma, tana ɗaukar dami, amma galmar golmo ba tata ba ce. Ba hanawa aka yi ba, ba a dai taɓa tunanin za a haifi wadda za ta gwada ba. Da tsakar rana, lokacin da maza ke komawa gida su miƙe, na ɗauke galmar daga jikin rumbu, na naɗe ta a zane, na ɗora itace a kai na nufi gona. Galma hannu biyu take so, ɗaya a ƙota ɗaya kusa da ƙarfe, da ƙugu mai ƙarfi. Saran farko ta kafe a ƙasa, na ja da iya ƙarfina, ta fito, ni kuma na faɗi zaune cikin taɓo. Na waiga ba kowa sai wata akuya tana kallona. Na tashi na sake. Kafin rana ta karkata na tayar da abin da ko kaza ba za ta kira shi kuyya ba, hannuna kuma duk ya yi bororo. Washegari na koma, jibi ma haka. Inna ta gane ranar da taɓarya ta suɓuce daga hannuna muna daka. Ta kama tafina ta juya, ta duba, ta dube ni. Ta ɗauko man kaɗe ta shafa mini. Daga ranar, kullum rana ta take sai ta tuna ta manta wani abu a gona, ta aike ni in ɗauko.

Baffana ne ya kama ni, ya zo neman tunkiyarsa. Ya tsaya ya dubi kuyyoyina, sun bi nan sun bi can kamar hanyar mashayi, ya dube ni da zane ɗaure a ƙugu, laka har goshi, sai ya zauna a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki. Kafin yamma duk ƙauye ya ji. Tsofaffin mata suka riƙa tare ni a hanyar rafi suna tambaya ko ni ce ango ko amarya, kuma in golmo ya cika wa zai kai ni ɗakin wa, ko ni zan goya kaina. Ƙawayena da muke niƙa tare suka sa ni a waƙa, in na shigo su yi shiru, in na juya baya su ɗauka. Wasu suka ce na zubar wa babana mutunci, wasu suka ce yaron ya mutu tuntuni, fatalwa nake wa noma. Wannan ta ƙarshen ita ta fi ci mini rai, don ni ma a ɓoye ina tsoron gaskiya ce. Na ji nauyin mutane ƙwarai, na yi fushi, na yi kuka, amma ban ajiye galmar ba, don in na ajiye ban san me zan yi da kaina ba.

Babana ya je ya gani da idonsa. Ina laɓe bayan tsamiya ina leƙensa. Ya daɗe a tsaye, hannu a baya, yana bin karkatattun kuyyoyin nan da kallo. Baffana na gefe yana cewa wannan abin dariya ne, ba a taɓa yi ba. Babana ya ce shi dai abin da ya faɗa shi ne kada ciyawa ta ci wurin, kuma ga shi ba ta ci ba, bai tuna ya ambaci hannun wa ba. Aka sallami mutanen da suka aiko. Haka na riƙe wurin har yaƙi ya ƙare, damina na zuwa ina huɗa. Kuyyata ta ɗan miƙe, tafina ya yi kanta, waƙar ma ta tsufa aka daina. Dawar da ta fito a wurin kuwa kowa ya ci, har da masu dariya.

Ya dawo gab da faɗuwar ruwa. Ina tsakar gida ina daka na ji guɗa daga wajen gidansu, yara suka shigo a guje suna kiran sunansa. Ban ruga ba. Zagayawa na yi bayan rumbu na durƙusa. Da yamma ya zo gaida babana, na leƙa ta jikin zana. Ya rame, kunnuwan nan sun ƙara fitowa, hannun rigarsa na dama kuma a naɗe yake an soke shi da allura, daga gwiwar hannu babu sauran komai. Bai dubi inda nake ba. Bayan kwana kaɗan ya aiko wa babana cewa ya janye, wanda ba zai iya riƙe galma ba bai kamata ya riƙe 'yar mutane ba.

Duk dariyar da aka yi mini ba ta ɓata mini rai kamar wannan saƙo ba. Na manta da kakata da muciyarta. Na tare shi a hanyar rafi da rana tsaka, karo na farko a rayuwata da na tsaya gabansa na yi magana. Na buɗe masa tafin hannuna biyu na ce:

"Ga su nan, su za ka gaya wa ka janye. An sa ni a waƙa saboda kai. Galmarka na jikin rumbu, tsatsa ba ta ci ta ba. Ka zo ka gama aikinka."

Ya dubi hannun, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya wuce.

Ranar da ƙasa ta jiƙa sosai sai ga shi da sassafe. Ba ƙaho, ba waƙa, amma mutane sun ji, suka biyo shi: babana, inna, baffana, uwarsa, da 'yan abokansa da suka dawo da rai. Ni na zo da tulun kunu na tsaya inda na saba tsayawa. Ya kama ƙota da hagu ya ɗaga ya sara, galma ta murɗe ta kwanta. Ya sake, ta kuɓuce. Ya danna ƙotar da dungun hannun da ya rage ya ja, sai ya tafi ƙasa a kan gwiwoyinsa. Ba wanda ya yi dariya. Baffana da kansa ya juya yana kallon duwatsu. Abokansa ba halin su taimaka, sun san sharaɗin. Ya tashi, laka a fuska, ya sake kama ƙota, ni kuma na san in ya faɗi wannan karon ba zai ƙara zuwa ba.

Na sauke tulu na shiga gona. Na ji inna ta kira sunana a hankali, ban waiga ba. Na tsaya a damansa, na sa hannuna inda nasa ya kamata ya kasance, kusa da ƙarfe. Ya ce in matsa, na ce ya ɗaga. Muka ɗaga, muka sara, ƙasa ta juya. Muka yi gaba, yana taka ni ina taka shi, yana zagin galma da Turancin soja, ni ina haki, kafaɗata na gugar tasa a gaban ubana da duk dangi. Haka muka ja kuyyar daga bakin hanya har gindin tsamiya. Da muka tsaya, baffana ya share murya ya tambayi babana ko wannan ma golmo za a kira shi. Babana ya ce:

"Galma guda na gani, kuma hannunsa na kanta tun daga hanya har tsamiya. Abin da na nema ke nan. Golmo ya cika."

Uwarsa ta rangaɗa guɗa, abokansa suka ajiye kunya suka shiga da galmominsu suka ƙarasa sauran wurin, wani ma ya tayar da tsohuwar waƙar, muryoyin ba yawa amma sun amsa.

Ina kaiwa nan na lura ruwa ya tsaya tun ɗazu, ba wanda ya tashi. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce to, wanga dai akwai uwaye cikinai, shi ya yarda da shi. Madam ta ce a yi fim ɗinsa, amma a samo yarinya marar kumatu. Jikana ya ce da shi ne da ya yi hayar inji, aka yi masa ca. Jikata kuwa ta matso har gwiwarta na taɓa tawa, ido jawur, ta ce in faɗa mata abin da kakanta ya fara ce mini bayan babana ya yi magana, kalma da kalma, kada in rage komai.

Na faɗa mata. Na zuba masa kunu ya shanye, ya goge baki da kafaɗa, ya waiwaya ya dubi kuyyar da muka ja, ya ce ta karkace, kuma daga gefena ne. Na ce daga gefensa ne. Jikata ta ce, shi ke nan? Na ce shi ke nan. A kan wannan gardama aka kai ni ɗakinsa, a kanta muka haifi uban jikar nan tawa da sauran, muka aurar, muka ga jikoki. Ya koyi shuka da hagu, ni ina huɗa, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Ko da ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ina ɗaga kansa ina ba shi ruwa, sai ya dube ni ya ce yana nan a kan bakansa, gefena ne. Na ce ya sha ruwa ya daina ƙarya, ga shi a bakin ƙofar Ubangiji. Ya yi dariya har ya ƙware.

Ina kewarsa ƙwarai. Amma gefensa ne ya karkace, ni na gani.